Ranar da Na Kwaikwayi Kukan Abokina

Mu huɗu ne a ƙungiyar, kuma lise ɗaya muke zuwa, wato makarantar sakandare. Ni ne mai jita. Ɗan Zongo ne ni gaba da baya: fataucin goro ne ya kawo kakan mahaifina Wagadugu, mahaifina kuma atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa. Mai ganga ɗan baffana ne, a gida ɗaya muka tashi. Mai bas, wato jita mai kaurin sauti, wata yarinya ce 'yar ƙabilar Mosi daga unguwar Larle, wadda ta fi mu duka ƙoƙari a aji. Na huɗunmu, mai rerawa, ɗan wani direba ne da ya zo daga Nijar ya kama hayar ɗaki biyu a bayan gidanmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, har idan mahaifiyarsa tana daka muna ganin kan taɓaryarta yana hawa yana sauka.

A shekarun nan duk garin rawa yake so. Ko ina ka wuce kiɗan zuglu ne ke tashi, samari kuma sun rungumi rap da rege. Mu sai Allah ya haɗa mu da wani abu dabam. Yayan mai bas yana karatu a ƙasar waje, shi ya aiko mata da kaset-kaset na wasu ƙananan ƙungiyoyin rok, irin waɗanda ba su da wani babban kamfani a bayansu, su yi kiɗansu a garejin gida su sayar da shi da kansu. Wasu daga cikinsu ana ce musu emo. Ba ma jin Ingilishi sai kalma ɗai-ɗai, amma ba mu buƙaci tafinta ba. Ƙato ne da muryarsa yana ihu kamar an taka masa zuciya, jita tana kuka a bayansa, kuma bai ji kunyar kowa ba. Wannan rashin jin kunyar ne ya kama mu. A gidajenmu namiji ba ya cewa ransa ya ɓaci, sai dai ya yi shiru ya ƙi cin tuwo.

A gidan su mai bas muke gwaji, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ranar Alhamis da Asabar da rana. Can nake ɓoye jitata. A Zongo kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan gidan fatake bai isa a gan shi rataye da abin kiɗa ba. Ni da ɗan baffana mukan ce za mu bitar lissafi. Mahaifiyar mai bas takan dama mana zom-kom, ruwan garin gero mai sukari, ta ajiye a kwarya, ta koma ciki ta rufe ƙofa saboda ƙara.

Da farko kwaikwayo kawai muke yi. Mai rerawa yakan haddace sautin kalmomin ba tare da sanin ma'anarsu ba. Dogo ne, siriri, ba ya yawan magana, kuma in ya yi sai mu yi ta tsokanar Hausarsa ta Nijar, shi kuma ya ce tamu ce ta lalace, rabi Faransanci rabi Mure, yaren Mosi. Amma in ya kama mikro sai ya zama wani mutum. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa a rufe. Ni da nake ganin ni ne shugaban ƙungiya, tunda ni na fara kawo shawarar, na san a raina cewa in ba shi ba mu ba kowa ba ne, kuma sanin nan bai yi mini daɗi ba.

A shekararmu ta biyu mahaifinsa ya rasu. Kamiyonsa, babbar motar kaya da yake ja, ya kife a hanyar Lome, a can aka binne shi, sai jakarsa kawai aka kawo gida. Abokina ya yi kusan wata biyu bai zo gwaji ba. Ranar da ya dawo ya zaro takarda daga aljihu ya ce ya rubuta wani abu, amma da Hausa ne.

Na ce, "Rok da Hausa? Wa zai saurara?"

Mai bas ta ce, "Bar shi ya rera mu ji."

Ya rera ba kiɗa. Waƙar a kan rigar sanyin mahaifinsa ce, wadda ta dawo a cikin jakar nan tana warin gazuwal, man manyan motoci, da yadda mahaifiyarsa ta ƙi wanke ta, da yadda shi yake tashi duk lokacin da ya ji babbar mota ta rage gudu a bakin titi. Babu wa'azi a ciki, babu yabon mamaci. Da ya gama mai bas tana share hawaye, ita da Hausarta ba ta wuce ta kasuwa ba. Ni na ɗora wa waƙar jita a ranar, kuma har yau ban taɓa kaɗa abin da ya kai wannan kyau ba. Bayan sati biyu muka ɗauke ta a kaset da rediyon gidan, har ana jin kukan zakara a tsakiya.

A ƙarshen shekara makaranta takan yi biki, wanda muke kira karmes. Mai bas ta sa aka ba mu wuri, waƙa uku, bayan la'asar. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma magana ba ta ɓuya a Zongo. Da muka hau dandamali na hango yayana a gaba-gaba tare da abokansa na unguwa, su shida ko bakwai, sun harɗe hannuwa.

Waƙoƙi biyun farko na Ingilishi ne, suka wuce ba yabo ba zagi, mutane suna ta hirarsu. Da muka shiga ta ukun, aka ji Hausa, sai wurin ya ɗan lafa. Ya rera baiti na farko lafiya. A na biyu, inda yake maganar rigar, muryarsa ta karye. Ya yi ƙoƙarin ci gaba, sai kuka ya ƙwace masa, kuka sosai, irin mai shessheƙa, kuma mikro yana bakinsa, sono, wato lasifika, ya watsa shi ko'ina a filin makaranta.

Wani daga baya ya yi dariya. Wani ya yi ihu da Faransanci cewa a kawo wa jariri nono. Dariyar ta fara yaɗuwa. Na kalli yayana, na ga ya dafe goshi yana girgiza kai, abokansa suna nuna ni suna dukan kafaɗarsa. Ni suke nunawa. Abin da na gani kenan, ban ga komai ba bayan shi.

Akwai mikro a gabana na amshi. Na matsa kusa da shi, na murtuke fuska, na sa bayan hannu ina murza ido, na yi shessheƙar ƙarya, na ce da siririyar murya, da irin Hausarsa ta Nijar, "Wayyo Baba, wayyo rigar Baba."

Filin ya fashe. Har tafi aka yi mini. Na tuna daɗin da na ji a wannan ɗan lokacin, kuma shi ne abin da ya fi yi mini wuyar faɗa: na ji daɗi. Dariya ta bar kaina ta koma kansa.

Ya juyo ya kalle ni. Ya sunkuya ya ajiye mikro a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya sauka ta gefe ya bi ta cikin mutane ya fita. Ɗan baffana ya tsayar da ganga. Mai bas ta ci gaba da kaɗawa ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta zare wayarta ta naɗe. Da na je zan yi mata magana ta ce, "Gobe ka aiko a ɗauki jitarka daga gidanmu."

Nan ƙungiyar ta mutu. Da yamma yayana ya dafa ni ya ce na ceci sunan gida. Ban je na ba abokina haƙuri ba. Kullum sai in ce gobe, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu. In na hango shi a lungu sai in canza hanya. Mahaifiyarsa ba ta daina amsa gaisuwata ba, in ta yi dambu ma takan miƙo ta kan katanga ta ce a ba ɗanta na wancan gida, sai na ɗauka bai gaya mata ba, na ji sanyi. Da aka koma makaranta bai dawo ba, aka ce ya bi wani abokin mahaifinsa yana koyon tuƙi. Ba a daɗe ba aka rushe tsohuwar unguwarmu, aka watsa mutane kowa da inda ya faɗa. Mu muka koma can gefen gari. Su ban tambayi inda suka koma ba, kuma ban yi ƙarya ba in na ce rushewar ta sauƙaƙa mini, don na daina haɗuwa da shi.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. Na gaji shagon mahaifina, na yi aure, na yi tumbi. Jita tana bayan kabad, nakan ɗauko ta in yara ba sa nan. Ɗan baffana ya tafi Abijan ya zauna.

Wata rana da hantsi wasu samari biyu da budurwa suka shigo shago, ba su yi kama da masu sayen atamfa ba. Ɗaya ya ce, "Tonton," wato kawu, "kai ne mai jitar nan?" Ya kunna wayarsa. Na ji tsirkiyata, na ji muryar abokina, na ji zakaran Larle. Ashe mai bas ta adana kaset ɗin, wani ɗan 'yar'uwarta ya juye shi a kwamfuta, daga nan ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Yaran suka ce suna da tasu ƙungiyar, kuma akwai irinsu da yawa a gari yanzu, masu jita da ganga suna rera damuwarsu da Mure da Jula da Hausa. Suka ce waƙarmu ce ta nuna musu ana iya yin haka da harshen gida. Budurwar ta ce ranar da aka binne mahaifiyarta ita ta yi ta saurara.

Suka riƙa zuwa. Suna kira na doyen, wato dattijon fage, suna kawo abokansu su gaishe ni. Na saba da abin da sauri. Da wani gidan rediyo mai zaman kansa ya gayyace ni hira, na sa sabuwar shadda na tafi. Mai gabatarwa ya sa waƙar, sannan ya tambaye ni wa ya rubuta ta. Babu suna a jikin kaset ɗin, babu wanda zai ƙaryata ni a ɗakin.

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Allah sarki. Ashe mahaifinka direba ne?"

Na ce a'a, tunani ne kawai irin na mai fasaha, mutum yakan sa kansa a halin wani. Na ƙara da cewa wanda ya rera wani abokin makaranta ne da na koya wa. Na faɗi wannan da Faransanci mai kyau, ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Da na koma gida na tarar da mahaifina a zaure, rediyonsa a kan cinya. Ya tsufa sosai a lokacin, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Na durƙusa na gaishe shi. Na ɗauka faɗan kiɗa zai yi mini, wanda na shekara ashirin ina gudu.

Ya ce, "Na ji ka a rediyo."

"E, Baba."

"Kiɗan bai dame ni ba, tun kana lise na sani. Kana tsammanin bitar lissafi tana sa yatsu su yi kanta? Rigar nan da ake faɗa a waƙa, ni na karɓi jakar daga hannun wanda ya kawo ta. Ni na kai wa matar. Marayan bayan gidanmu ka ƙwace wa abinsa?"

Ban iya ɗaga kai ba. Ya miƙa hannu yana laluben butarsa, na tura masa, ya tashi ya tafi alwala. Bai sake tada maganar ba har ya bar duniya.

Bayan kwana huɗu mai bas ta zo shago. Ban gan ta ba tun muna lise, sai dai labari. Ta zama ungozoma, ga furfura a gaban goshi. Ba ta zauna ba. Ta ce yaran nan sun samu wani fili a unguwar Dapoya, tsakar wani tsohon gida da ake wasanni, suna so ƙungiyarmu ta sake haɗuwa ko sau ɗaya ne. Ta yi magana da ɗan baffana, ba zai iya zuwa ba, amma ɗaya daga cikin yaran zai riƙe ganga.

Na ce, "To, madalla."

Ta ce, "Na ji rediyo. Abokinka yana unguwar Pisi, yana jan kamiyon dutse. Ni na san gidansa, muna gaisawa duk shekarun nan. Amma ba ni zan je ba. Kai za ka je."

Na yi sati guda ina neman dalilin fasawa. Ranar Talata da safe na hau babur na tafi. Ban taɓa shiga ramin dutsen Pisi ba, ko da yake a garin aka haife ni. Hayaƙin tayoyin da ake ƙonawa don dutse ya tsage ya cika wurin, mata suna zaune a ƙarƙashin 'yan rumfuna suna fasa tsakuwa da guntun ƙarfe, wasu suna hawowa daga rami da faranti a ka. Na tsaya da farar shaddata kamar wanda ya ɓata hanya. Na tambayi wata tsohuwa da Mure, ta nuna mini wani kamiyo da ake lodi.

Abokina yana zaune a inuwar motar yana gyara igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da nawa. Ya gane ni tun daga nesa, na ga hannunsa ya tsaya. Na yi sallama ya amsa cikakkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi Alhaji mahaifina, ya tambayi iyali. Ya jawo wani bulo ya share shi da hularsa ya ce in zauna, ya miƙo mini ruwa a gora.

Na shirya magana tun a hanya, duk ta gudu. Na ce, "Na zo ne a kan... akwai wata hira da na yi."

"Na ji ta. Ina cikin motar nan, ina jiran a buɗe mini hanya." Ya ci gaba da ɗaure igiyarsa. "Muryarka ba ta canza ba."

"Ƙarya na yi. Na zo in ce ka yafe mini. Wannan da kuma na wancan lokacin."

Ƙarar fasa dutse ta cika tsakaninmu.

Ya ce, "Ta rediyo ba ta dame ni sosai ba. Na ma yi dariya. Ka san abin da ba ka sani ba? Ranar karmes Inna tana wurin."

Na ce, "Wace Inna?"

"Mahaifiyata. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Ni na roƙe ta ta zo, na ce na yi wa Baba wani abu. Tana can baya kusa da ƙofa, ita da ƙanwata. Ba ta taɓa shiga makarantar ba sai ranar."

Na tuna dambun da take miƙowa ta kan katanga. Na ce, "Amma ba ta taɓa nuna mini ba."

"Na ce mata ta daina ba ka abinci. Ta ce yaro ne, tsoro ya ji. Ni ban yarda ba, amma haka ta ce."

"Tana ina yanzu? Ka kai ni in durƙusa mata."

"Shekararta shida da rasuwa."

Na rasa inda zan sa idona. Na yi mata addu'a, ya amsa. Kusan in tashi in tafi ba tare da na faɗi saƙon ba, sai shi ya ce ungozoma ta riga ta sanar da shi a waya. Ya ce tun ranar nan bai sake rera waƙa ba, ko shi kaɗai a mota, in ya buɗe baki sai ya ji kamar ana kallonsa.

Ya ce, "Zan zo. Kada ka ɗauka don kai ne. 'Yata ta fari tana da waƙar a wayarta. Na ce mata muryata ce, ta ce Baba bar wasa, an ce wani mai shagon atamfa ne. Ina so ta gani da idonta."

Mun yi gwaji sau uku a gidan ungozoma. Muryarsa ta yi kauri, ƙurar dutse ta ci ta, sama-saman nan da yake kaiwa a da ya gagare shi, sai muka sauke kiɗan. Ba ya yi mini magana sai a kan aiki. "Ka yi sauri a nan." "Sake." Ina cewa to.

Ranar wasan Asabar ce da la'asar. Tsakar gidan ya cika, yawanci yaran da ba a haife su ba lokacin da muka yi kaset ɗin, wasu sun hau katanga. Ƙungiyoyi uku suka yi wasa kafin mu, na ji salon jitata a hannun yara biyu da ban taɓa gani ba. Da aka kira mu, mai gabatarwa ya ambace ni a matsayin wanda ya rubuta waƙar, aka yi tafi. Na matsa gaban mikro. Na fara da Faransanci, na ce akwai ɗan kuskure da ya shiga tarihin waƙar nan, wanda ya kamata a daidaita, domin aikin fasaha sau da yawa na haɗin gwiwa ne.

Daga bayana, ba a mikro ba, abokina ya ce, "Da Hausa ka yi abin. Faɗa da Hausa."

Na tsaya. Ungozoma tana kallon ƙasa. Na sake farawa. Na ce waƙar nan ban rubuta ko kalma ɗaya a cikinta ba, ga mai ita nan, mahaifinsa ne ya rasu a hanya. Na ce na yi ƙarya a rediyo. Na ce ranar da ya fara rera ta a gaban mutane ya yi kuka, ni kuma na kwaikwayi kukansa don a yi masa dariya, a gaban mahaifiyarsa, kuma abin da ya kashe ƙungiyar kenan. Ungozoma ta maimaita da Mure ga waɗanda ba sa jin Hausa, ba ta rage komai ba.

Babu wanda ya yi tafi, babu wanda ya yi ihu. Na ga budurwar nan da ta fara zuwa shagona ta kawar da kai. Mai ganga ya ƙirga huɗu muka shiga.

Ya rera ta daga farko har ƙarshe, a tsaye cak, idonsa a buɗe, bai yi kuka ba. Yaran ne suka yi. Sun san kowace kalma, suna bin sa a hankali. Ni na yi kuskure sau biyu a wurin da na fi iyawa. Da muka gama suka yanyame shi, kowa yana so ya taɓa hannunsa, wata yarinya doguwa siririya ta ratsa su ta riƙe rigarsa ba ta saki ba, na san 'yarsa ce. Na naɗe wayata a gefe. Mutum biyu ko uku suka gaishe ni, ba wanda ya ce doyen. Kafin magariba ya tafi, ya ce da asuba yana da lodi.

Yaran sun so mu shiga studiyo, ya ce a'a, sau ɗaya ya yi alkawari kuma ya cika. Ba mu sake hawa dandamali ba. Zuwan samari shagona ya ragu har ya tsaya. Na ji sukan je Pisi, yakan zauna da su ya duba musu kalmomin waƙoƙinsu, ya ce wannan ƙarya ce cire ta, wannan gaskiya ce bar ta.

Bai taɓa cewa ya yafe mini ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma bayan wata biyu ya kira ni a waya, ba dogon gaisuwa, ya ce 'yarsa ta dame shi tana son koyon jita, shi kuwa bai san mai koyarwa ba sai ni. Tun lokacin take zuwa gidanmu ranar Asabar da hantsi, ta zauna a tsakar gida kusa da matata. Baffa take ce mini. Hannunta ya fi nawa sauri tun yanzu.

Rannan muna tsakiyar darasi ta ɗora tafin hannu a kan tsirkiya ta kashe sautin.

Ta ce, "Baffa, in tambaye ka? Me ya sa ka yi masa haka?"

Matata ta daina tsince shinkafa.

Na ce, "Na ga za a yi mini dariya, sai na tura ta kansa."

"Shi kenan?"

"Shi kenan. Babu wani dalili."

Ta kalle ni na ɗan lokaci, irin kallon mahaifinta. Sannan ta gyara zaman jitar a cinyarta ta ce in sake nuna mata inda ƙaramin yatsa yake zama, don nata yana ta zamewa.